Sana'ar da Ba Ta da Sarki

Duk wanda ya zauna a birnin Kano ko Katsina ko Zazzau ya san babu wata sana'a mai asali a ƙasar Hausa da aka bar ta kara zube, gama mahauta suna da Sarkin Fawa, wanzamai suna da Sarkin Aska, maƙera da magina kowa da shugabansa, kuma yaron da aka kai maƙera ya san tun ranar farko da zuga zai fara, in hannunsa ya faɗa a ba shi awartaki, in ya ƙara faɗawa a ba shi masaba, har ranar da ubangidansa zai sa masa albarka ya je ya kafa tasa uwar maƙera. Amma akwai wata sana'a guda wadda ta daɗe a cikinmu, ta amfani talaka da basarake, ba ta kuwa taɓa samun sarki ko zaure ko sunan da kowa ya yarda da shi ba, ita ce sana'ar mutumin da ke tsayawa tsakanin gwani da mabukaci, ya karɓi sani daga bakin likita ko malamin gona ko injiniya, ya zuba shi a takarda ta yadda wanda bai taɓa ganin gwanin ba zai karanta, ya aikata, bai yi ɓarna ba. Wannan sana'a ba ta rasa haziƙai ba, ba ta kuma rasa hanyar da mai ita zai ƙaro sani bayan ya kama aiki ba. Abin da ta rasa shi ne matakala a cikin gidanta, saboda haka duk wanda ya gwanance a kanta sai ɗaukaka ta zo ta fitar da shi daga ciki.

Tushenta yana zauren malamai, tun ba a ji ɗuriyar Bature ba. Littattafan fiƙihu da ɗalibi ke hawa ɗaya bayan ɗaya, daga Ahalari da Ishmawi zuwa Iziyya da Risala har ya kai ga Askari, galibinsu bayanin yadda ake aiki ne: yadda ake alwala da taimama, abin da ya wajaba a kan wanda ya yi rafkanuwa a salla, nisabin zakkar shanu da ta hatsi, da lissafin rabon gado, wanda kuskuren kaso ɗaya a cikinsa yakan raba zumuncin shekara da shekaru. Malamin da ke zaune bisa buzu, yana karanta Larabci gaɓa-gaɓa yana mayar da kowace gaɓa Hausa, yana duban fuskar ɗalibi don ya gane ko magana ta shiga, wannan aiki yake yi da fatar baki. Karatun ilmi kuwa ba shi da ranar sauka irin ta karatun allo, domin dattijo mai furfura yakan rataya gafakarsa ya bar garinsu don ya ji littafi guda daga bakin wanda ya fi shi a kansa, ya karɓi ijaza ya komo. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya wallafa Ida'un Nusukhi musamman don ya lissafa malamansa da abin da ya ɗauka wajen kowannensu. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, duk da nauyin mulki da yaƙi, ya yi talifi a fannin ɗibbu, har da risala a kan ciwon ido da wata a kan basir. Nana Asma'u kuma, wadda ta rasu a 1864, ta lura cewa matan karkara ba za su zo zaure ba, sai ta tsara musu hukunce-hukunce a waƙe, ta naɗa mata jagorori da ake kira jaji ta ɗora musu malfa, su zo su karɓi karatu su kai ƙauye, su sake dawowa su karɓi wani. Sai dai a wancan zamani gwani da mai bayani mutum ɗaya ne. Wanda ya san mas'ala shi ke rubuta ta, kuma in ya ɗaukaka ya zama alƙali ko limami, alƙalaminsa na hannunsa bai ajiye ba.

Akwai mutum guda da ya tsaya a kan iyakar zamunna biyu, wanda ya cancanci a daɗe a kansa fiye da yadda aka saba, shi ne Alhaji Umaru, wanda aka haifa a Kano a 1858, ya yi karatu a ƙasar Kabi, sannan ya bi hanyar fataken goro zuwa Salaga a ƙasar Gwanja. Tun yana saurayi, a 1877, ya wallafa littafi da Larabci a kan ilmin wasiƙa, ya jera samfurin takardu iri-iri yadda magatakarda zai duba ya kwaikwaya, watau littafin koyar da sana'ar rubutu ga wanda ya riga ya iya rubutu. Bayan basasar Salaga ta 1892 ya koma Kete-Krachi da zama, ya zama limamin garin, a can ne kuma wani ma'aikacin Jamus mai suna Adam Mischlich ya zauna gabansa yana koyon Hausa. Shi Mischlich ne ya riƙa tambayarsa labarin ƙasar Hausa da sana'o'inta da al'adunta, Alhaji Umaru kuwa ya riƙa rubuta masa amsa da ajami, a zube, ba a waƙe ba. Abin lura a nan shi ne mai karatun ya sāke: malamin da ya saba rubuta wa ɗalibin da suka tashi gari ɗaya, wanda rabin magana ta ishe shi, yanzu yana rubuta wa baƙon da bai san komai ba, dole ya fara daga tushe, ya ambaci abin da Bahaushe ba ya ambata saboda sabo. Wannan tilas ita ce asalin horon mai rubutun bayani a ko'ina. Ya rasu a 1934, shekarar da ƙamusun Hausa na Bargery ya fito.

Da Turawan Ingila suka ci ƙasa suka zaɓi yin mulki ta hannun sarakuna, sai al'amarin ya juye, domin yanzu sanin yana hannun baƙo, cikin harshensa, mabukacin kuwa ɗan ƙasa ne. Hanns Vischer, wanda aka fi sani da Ɗan Hausa, ya buɗe makarantarsa a Nasarawa ta Kano a 1909, ya fitar da ƙa'idojin rubutun boko a 1912. En'e ta cika da sababbin malamai waɗanda ba na zaure ba: malamin haraji, malamin asibiti, malamin gona, malamin daji, malamin dabbobi, da duba-gari mai leƙa randunan mutane. An buɗe Kwalejin Katsina a 1922, Makarantar Tsabta a Kano a 1932, ana horar da malaman gona a Samaru, na dabbobi a Vom. Kowane ɗayansu zai koma wurin mutanen da ba su jin Turanci, kuma ba zai iya zama da kowa ba, sai takarda ta tafi inda ƙafarsa ba ta kai ba. Wannan bukata ce ta haifi Hukumar Fassara wajen 1930, wadda ta zauna a Zariya a ƙarƙashin Rupert East, daga baya aka sāke mata suna zuwa Hukumar Talifi.

Gasar ƙagaggun labarai da wannan hukuma ta shirya a 1933 sananniya ce, ba sai an maimaita ba. Abin da ya shafe mu a ciki shi ne ta tono wani malamin Midil ta Katsina, haifaffen Kagara a 1911, mai suna Abubakar Imam. A 1936 aka aro shi zuwa Zariya na wata 6, ya zauna da East, ya karanta tarin littattafan hikayoyi na Larabawa da Turawa da Indiyawa, ya rubuta Magana Jari Ce. Babu wata jami'a da ta ba shi takardar shaida a kan wannan zama, amma in ana neman misalin ƙaro ilmi a bakin aiki a tarihin Arewa da wuya a sami wanda ya fi shi, gama mutum ne da ya riga ya sauke karatun kwaleji, yana da albashi da aji, aka mayar da shi ɗalibi a gaban mai gyara, ya rubuta a soke, ya sāke a sāke sokewa, shi kuma yana gyara wa malamin nasa Hausa, har ya zamana kowannensu ɗalibin ɗan'uwansa ne. Ɗiyan wannan zama da ya fi kusa da maganarmu ba hikaya ba ne, littafin Ikon Allah ne, wanda su biyu suka wallafa don bayyana halittu da al'amuran duniya bisa ilmin kimiyya. Wahalar irin wannan talifi ta wuce ta neman kalma. Mai karatun da ya tashi da tauhidi yana da tambayar da ɗan makarantar Ingila ba ya yi, kuma in ba a amsa ta ba zai rufe littafin tun shafin farko. Sai mawallafan suka shigo masa ta ƙofar da ya sani, suka sa binciken halitta a matsayin duba ga aikin Mahalicci, wanda kuwa malaman Musulunci sun daɗe da kwaɗaitarwa a kai. A Janairun 1939 aka fara buga jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, Imam ne editanta na Hausa. A 1943, ana tsakiyar yaƙi, ya tafi Ingila cikin tawagar 'yan jaridun Afirka ta Yamma tare da Nnamdi Azikiwe, ya dawo ya rubuta Tafiya Mabuɗin Ilmi.

Da aka kafa Kamfanin Gaskiya a Tukur-Tukur a 1945, sai wurin ya zama makaranta ko da ba a rubuta haka a ƙofarsa ba. Wanda bai taɓa shiga maɗaba'a ta wancan zamani ba ba zai gane irin horon da take yi wa marubuci ba. Mai jera haruffa yana tsaye gaban akwati mai gida-gida, yana tsamo dalma ɗaya-ɗaya yana jerawa a juye, daga cikinsu har da haruffa masu lanƙwasa waɗanda suka maye gurbin ɗigo da alamomin da ake ɗora wa harafi a da. In an buga gwaji sai mutum biyu su zauna, ɗaya yana karanta asali da ƙarfi, ɗaya yana bin gwajin da alƙalami, kuma inda suka fi tsananta ido shi ne wurin lamba, domin kuskure a cikin hikaya abin dariya ne, amma sifiri ɗaya da ya ƙaru a ma'aunin magani ko na taki yana iya zama asarar rai ko ta damina. Marubucin da ya ga yadda ake warware shafi guda na dalma saboda jimlar da ya sāke ra'ayi a kanta, ba ya bukatar a yi masa wa'azin taƙaita magana.

Zamanin da sana'ar ta fi bunƙasa shi ne na Yaƙi da Jahilci, a shekarun 1950, lokacin da aka buɗe azuzuwan manya a ƙauyuka, aka kuma gane cewa wanda ya koyi haɗa baƙi in bai sami abin karantawa ba zai koma gidan jiya. Hukumar NORLA, wadda ta yi aiki daga 1954 zuwa 1959, ta zubo ƙananan littattafai masu araha a kan noma da kiwo da kiwon lafiya da sana'o'i da addini, wasu da boko wasu da ajami, ga kuma jaridun larduna, Sodangi a Kano, Himma a Katsina, Zaruma a Sakkwato, Bazazzaga a Zariya. Tun kafin wannan Nuhu Bamalli, wanda ya fara da aikin fassara a Hukumar Talifi, ya rubuta Bala da Babiya, ya saka darasin tsabta da kiwon lafiya cikin rigar labari don ya shiga gidan da takardar likita ba ta shiga. A 1955 aka kafa Hukumar Harshen Hausa don daidaita rubutu da tantance sababbin kalmomi. In da al'amarin ya ɗore a haka shekara ashirin, da an sami tsara ta biyu da ta koya a hannun ta farko. Amma buga littafi daban, kai shi hannun mai saye a ƙauye daban. Kuɗi ya yi ta fita bai dawo ba, aka rufe NORLA, aka mayar da kayanta Kamfanin Gaskiya.

Ko da ba a rufe ta ba, akwai wata ƙofa da ta riga ta buɗe wadda mutanen ke fita ta cikinta. Mulkin kai ya matso, gwamnatin Sardauna tana neman 'yan Arewa da za su karɓi kujerun Turawa da na mutanen Kudu, masu ilmin boko kuwa 'yan ƙalilan ne, kuma babu wanda ya fi dacewa da kujera kamar mutumin da ya iya harshe biyu, ya iya tsara magana, ya saba da takarda. Abubakar Imam ya bar kujerar edita bayan shekara 12, ya shiga majalisa, daga baya ya zama ɗan Hukumar Ɗaukar Ma'aikata ta Jihar Arewa. Nuhu Bamalli ya kai ga Ministan Harkokin Waje a 1965. Ahmadu Coomassie, wanda ya ja ragamar ilmin manya, ya zama babban sakatare. Hatta ƙarin ilmin da gwamnati ta tanada can ya nufa: makarantar horar da akawuna ta Kongo a Zariya, wadda ta zama Cibiyar Koyon Mulki a 1954 ta kuma shiga Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, tana karɓar akawu ta mayar da shi Di'o, tana karɓar muhuti ta mayar da shi alƙali, amma ba a ji an ware wa mai rubutun bayani kwas da zai shiga ya fito babban mai rubutun bayani ba. Ba na ganin laifin ko ɗayansu, gama ƙasa tana bukatarsu a inda suka tafi, kuma ba a cewa mai iyali ya ƙi ƙarin girma don kishin alƙalami. Hasarar dai ita ce kowace tsara ta sāke farawa daga farko.

Abin da ya sa wannan ya fi fitowa fili shi ne a daidai waɗannan shekaru sana'ar tana gina wa kanta gida a wasu ƙasashe. Yaƙin Duniya na Biyu ya cika hannun samarin soja da jirage da na'urorin hango jirgi da ba su taɓa gani ba, dole aka ɗauki mutane aikinsu kawai rubuta littafin sarrafawa da na gyara, bayan yaƙi kuma kamfanoni suka gaje su. A 1953 aka kafa ƙungiyoyi biyu na irin waɗannan marubuta a Amurka, ɗaya a Boston ɗaya a New York, suka haɗe a 1957, kuma a 1953 ɗin ne kwalejin Rensselaer ta fara ba da digiri na biyu a fannin. A Ingila hukumar City and Guilds ta riƙa shirya jarrabawa ga ma'aikacin da ke son ya sami shaida yana bakin aikinsa. Da haka mutum ya iya shiga yana ƙaramin marubuci, ya zama babba, ya zama mai gyara, ya zama shugaban sashe, ya yi ritaya bai bar rubutu ba. Ba wai gidan nasu ya tsaya har abada ba ne, domin ita babbar ƙungiyar ta Amurka ta rufe a farkon 2025 saboda karayar arziki. Amma ta yi shekara saba'in da 'yan kai tana miƙa sani daga hannu zuwa hannu kafin ta faɗi.

A wajenmu aikin bai mutu ba, warwatsuwa ya yi. Wani kaso ya koma rediyo, tun da aka buɗe sashen Hausa na BBC a 1957 da gidan rediyon Kaduna a 1962, inda mai fassara ke da 'yan mintoci ya mayar da maganar likita ko ta masanin tattalin arziki abin da direba zai fahimta yana tuƙi. Wani kaso ya zauna a Samaru wajen masu wayar da kan manoma. Jami'o'i suka ɗauki nasu: an kafa Cibiyar Nazarin Harsunan Nijeriya a Kano a 1969, a 1990 kuma aka buga ƙamus na keɓaɓɓun kalmomi wanda Ɗalhatu Muhammad ya tace. Aiki ne mai daraja, sai dai nahawu da adabi ya fi yi wa hidima, ɗalibin Hausa kuwa yakan gama digiri bai taɓa zama awa guda gefen bakanike ko unguwarzoma yana tambaya yana rubutawa ba. A yau masu yi wa ƙungiyoyin lafiya da kamfanonin waya fassara da yawansu kalma-kalma ake biyansu, kuma wanda ke son ya ƙaru a cikinsu shi ke haɗa wa kansa manhaja, ɗan kwas ta intanet a nan, tambayar abokin aiki a can.

Wanda yake son ya ga abin da ake koya a wannan sana'a, da dalilin da ya sa koyonta ba ya ƙarewa, ya dubi ruwan gishiri da sukari. A tsakiyar shekarun 1980, zamanin da Olikoye Ransome-Kuti yake Ministan Lafiya, aka tashi haiƙan koya wa iyaye mata haɗa wannan ruwa don ceton yaron da zawo ya tsotse. A wajen likita maganar giram ce da mililita, uwa kuwa ba ta da sikeli a ɗaka. Sai aka mayar da ma'aunin abin da ke cikin gida: gishiri ƙaramin cokali 1, sukari cokali 10 ko ƙwaya 5, ruwa mai tsabta cikin kwalbar giya 1 ko kwalbar lemo 2. Mai rubuta wa gidan Bahaushe ya san kwalbar farko ba ta da wurin zama a takardarsa, ta biyun zai ambata. Ya san kuma dole ya ce cokalin a shafe yake, ba mai tozo ba, gama hannun da ya saba zuba gishiri a miya ba ya shafewa, gishirin da ya yi yawa kuwa cuta ne ga jariri. Kuma cokalin shayi na gidan wane bai kai na gidan wane ba, sai an zana shi ko an nuna. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ake samu a ƙamus, sai an tsuguna a tsakar gida an ga mace ta haɗa da hannunta bisa abin da ta ji an karanta mata. Bayan wasu shekaru hukumomin lafiya suka fi karkata ga garin da aka riga aka auna aka ƙulle a 'yar fakiti, wanda ake narkawa a lita 1 ta ruwa, kwalbar lemo ta gilashi kuma ta fara ƙaranci a gidaje, robobi masu girma dabam-dabam suka maye gurbinta. Dole aka sāke zama, aka sāke tambayar mene ne lita a idon uwar da ke Ɓatagarawa ko Tasawa, amsar da ta fi saurin shiga a yau kuwa ita ce ruwan leda guda 2, tun da kowace leda rabin lita ce.